Haruffa Uku

Yarinyar ta zo da kyamara da hantsi,
ta ce sunanta Zuwaira, fim take haɗawa,
ba na soyayya ba,
na akwatin gem da ke bayan shagona a Jekadafari,
wanda kaza ta yi ƙwai a kansa bara.

Na ce jawo benci, 'yata.
Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni.

Lokacin kwandala tana da daraja.
Ka jefa ta, akwati ya yi tari,
jirgi ya fito ɗan mitsitsi kamar fara,
duwatsu na zubowa, kai kana harbi,
ranka uku ne, babu na huɗu.
Wanda ya fi kowa maki
ya rubuta haruffa uku a saman gilashi.
Sarautar ke nan. Ba rawani, ba albashi.

Gidado, ɗan mai gyaran rediyo, bahago ne,
in yana bugawa sai cizon leɓe.
Bappayo kuwa da baki yake wasa,
ya zagi jirgin, ya yi masa kirari,
canjin cefanen gyatumarsa duk a gwangwanina ya ƙare.
Da safe GDD ke sama,
kafin la'asar BPY ta ture shi.
Yara har bakin taga,
mai rake ya daina yawo, ya kafa baronsa a ƙofata.

Sai wata Laraba da damina.
Gidado ya tsaya tun bayan azahar
da kwandala ɗaya tal,
gumi na ɗiga ta gwiwar hannunsa,
maki ya haye dubu ɗari takwas, ya haye tara,
inda ba mu san akwati ya iya ƙirge ba.
Bappayo an aike shi niƙa.
Gidado ya sa G. Ya sa D.
Sai NEPA ta ɗauke.

Da wuta ta dawo akwati ya manta kowa,
kamar bai taɓa cin kuɗinmu ba.
Bappayo ya iso da robar gari a ka,
ya saurara, ya dubi gilashi, ya ce: Ni ban gani ba.

Kalma huɗu. Su suka raba su.
Ɗaya tela ne yanzu a Bolari,
ɗaya direba, Gombe zuwa Yola.
A jana'iza suke haɗuwa,
gaisuwa, shi ke nan, kowa ya nemi takalminsa.

Zuwaira ta juyo da kyamara kaina:
Baba, kai ka ga lambar da idonka?
Shekara talatin ina rantsuwa na gani.
Jar fitilar nan ta tsura mini ido,
na ce: 'Yata, kuɗi nake ƙirgawa, na ba da baya.
Ihun yara na ji.

Ta kawo mai gyara daga Bauchi,
ya fitar da gidan zanzaro biyu da kwandalar da ta maƙale,
aka haɗa batirin sola don kada tarihi ya maimaita.
Suka zo, kowa da furfura, kowa da tabarau,
ba wanda ya kalli wani.

Bappayo ya mutu a dubu goma sha ɗaya,
ko zagi ɗaya bai samu ya yi ba.
Gidado ya kai sha biyu da ƙyar,
duwatsun da yake ratsawa ido rufe
yau su suka fi shi sauri.

Ya sa G. Ya sa D.
Sai hannun ya kama rawa,
ya ɗaga kai yana duban ƙwan fitila.

Bappayo ya miƙo yatsa ta kan kafaɗarsa,
ya danna D ta ƙarshe.
Ya ce: Wannan na gani.
Waccan kuwa har gobe ban gani ba.
Baba, akwai wata kwandalar?